TSOHON BATIR: DUKIYA CE, KUMA GUBA CE

A yau da wuya a sami birni ko ƙauye a ƙasar Nijar inda batir bai shiga ba. Shi ke tayar da mota da babur. Shi ke ajiye wutar da farantan hasken rana suka tara, waɗanda jama'a ke kira pano, domin a kunna fitila da dare, a cika wayar hannu, a sanyaya magunguna a gidan likita. Ƙasar nan ta daɗe a kan wannan hanya: tun 1965 aka kafa ofishin ONERSOL mai binciken makamashin rana, wanda Farfesa Abdu Mumuni ya shugabanta shekaru da dama, kuma tun ƙarshen shekarun 1960 aka gwada kunna telbijin na lakkol da hasken rana kusa da Yamai. Abin da ya fara a matsayin gwaji ya zama ruwan dare, daga Yamai zuwa Tawa, daga Maraɗi zuwa Damagaram.

Sai dai kowane batir yana da ajalinsa, kuma zafi yana gaggauta shi. Masu ƙera batir suna auna ƙarkonsa ne a kan zafin digiri 25, kuma masana sun nuna cewa duk lokacin da zafi ya ƙaru da kamar digiri 10, kwanakinsa na raguwa da rabi. A ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40, batir ba ya tsufa, mutuwar ƙuruciya yake yi. Saboda haka tsofaffin batura sai ƙaruwa suke yi a garejoji da kasuwanni da bayan ɗakuna. Tambayar da ta kamata kowa ya yi ita ce: ina suke zuwa, wa ke fasa su, kuma a ina?

ABIN DA KE CIKIN BATIR

Wani masani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙago irin wannan batir a 1859, kuma har yau tushen aikinsa bai sake ba. Abu uku ke cikinsa. Na farko akwatin roba. Na biyu ruwan batir, wato asid mai ƙona fata da tufafi, mai makantar da ido. Na uku faifan darma, wadda wasu ke kira dalma, jere a cikin ruwan. Darmar nan ita ke sa batir nauyi, domin ta fi rabin nauyinsa.

Darma ƙarfe ce mai daraja a kasuwa. Kusan kashi 85 cikin 100 na darmar da duniya ke amfani da ita, batir ake yi da ita. Tana da wata baiwa kuma: ana iya narka ta sau da yawa ba tare da ta rage kyau ba. Shi ya sa fiye da rabin darmar da ake samarwa a duniya a yau daga tsofaffin kaya take fitowa, ba daga rami ba. Tana kuma da sauƙin narkewa, zafin digiri 327 ya ishe ta, wato wutar gawayi da tsohuwar tukunya sun wadatar.

To, a nan ne haɗarin yake. Abin da ke da sauƙin narkewa kuma yake da tsada, kowa zai so ya narka shi a bayan gidansa. Mai neman abinci sai ya sa gatari ya fasa akwatin, ya tuntsurar da ruwan a ƙasa, ya zuba faifan a tukunya, ya hura wuta. Ya sami curin darma na sayarwa, amma hayaƙi da ƙura da toka sun rage a unguwa. Darma kuwa ba ta ruɓewa. Inda ta faɗi, nan za ta zauna shekaru aru-aru.

ABIN DA YA FARU A CAROY

A gefen birnin Dakar na ƙasar Senegal akwai garin Caroy na bakin teku, wanda ake rubutawa Thiaroye-sur-Mer da Faransanci. A wata unguwarsa mai suna Ngagne Diaw, wasu mutane sun riƙa fasa tsofaffin baturan mota a fili tun wajen 1995, suna narka darmar. Shekara da shekaru ɓurɓushi da toka suna taruwa cikin rairayin unguwar, inda yara ke wasa.

A 2007 kuɗin darma ya hau ƙwarai a kasuwannin duniya. Masu saye suka zo, aka gane cewa rairayin unguwar kansa dukiya ne. Mata suka shiga ɗibar ƙasar a buhuna, suna kai ta cikin gidaje, suna tankaɗe ta da rariya domin su ware ɓurɓushin darma su sayar. Da yawansu da goyo a baya suke wannan aiki, ƙananan yara kuma na rarrafe kusa da su. Ba mugunta ba ce ta sa su, neman na cefane ne, kuma babu wanda ya taɓa gaya musu abin da ke cikin ƙurar.

Tsakanin watan Nuwamba na 2007 da watan Maris na 2008, yara ƙanana 18 suka mutu a unguwar. Ciwon yakan fara da amai da kasala, sai jijjiga, sai suma. Da farko an zaci sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai. Sai da aka auna jinin ƴan'uwan mamatan da na uwayensu sannan gaskiya ta bayyana. A watan Yuni na 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta aika da masana. Mutum 81 aka bincika, aka tarar dukansu gubar darma ta kama su.

Domin mai karatu ya gane girman abin, ga yadda ake awon. Ana duba yawan darmar da ke cikin ɗan ƙaramin mudu na jini, da wani ma'auni da ake kira mikrogram. Hukumar OMS ta ce idan awon ya kai 5, to a tashi a nemi inda gubar ke fitowa a toshe. A Ngagne Diaw, matsakaicin awon mutanen da aka bincika ya kusa 130, akwai kuma wanda nasa ya wuce 600. A wasu wurare na unguwar, kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar, ko fiye, darma ce tsantsa.

Daga baya hukumomin Senegal, tare da taimakon wata ƙungiya ta Amurka da ake kira Blacksmith a lokacin, wadda yanzu ake kira Pure Earth, suka kwashe gurɓatacciyar ƙasar, suka zuba sabuwa, aka share gidaje ɗaki-ɗaki, aka yi wa yara magani. Aikin ya ɗauki shekaru, ya ci kuɗi mai yawa. Waɗanda suka mutu kuwa sun riga sun tafi.

YADDA DARMA KE CIN JIKI

Darma na shiga jiki ta hanya biyu: ta numfashi, da ta baki. Ba ta da wari, ba ta da ɗaci, ba a ganin ƙurarta a kan tuwo ko a kan yatsa. Yaro ƙarami ya fi kowa shiga haɗari, domin kome ya samu baki yake kai shi, kuma hanjinsa na tsotse darma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Idan yaron ba ya samun isasshen abinci mai gina jiki, tsotsewar ta fi haka tsanani.

Idan gubar ta yi yawa, sai a ga ciwon ciki, da amai, da ƙarancin jini, da jijjiga, har mutuwa. Idan kuwa kaɗan-kaɗan take shiga, ba a ganin kome a fili, amma tana dakushe ƙwaƙwalwa. Yaro sai ya tashi ba ya riƙe karatu, mushe ya gaji da shi, iyaye su ce daƙiƙi ne, alhali kuwa guba ce ta yi masa ɓarna, ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ga manya, tana kawo hawan jini da ciwon ƙoda. Tana kuma ɓuya cikin ƙashi shekaru da yawa, idan mace ta sami ciki sai ta fito ta bi jini ta isa ga ɗan tayi. Hukumar OMS ta tabbatar cewa babu wani awo na darma a jini da za a ce ba shi da lahani. A 2020 hukumar UNICEF da ƙungiyar Pure Earth suka ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, wato har kimanin miliyon 800, awon jininsa ya kai 5 ko ya wuce, suka kuma sa fasa batir ba bisa ƙa'ida ba cikin manyan dalilai.

Ƙasar Hausa ta riga ta san wannan guba. A 2010, a jihar Zamfara ta Najeriya, kudu da jahar Maraɗi, yara aƙalla 400 suka mutu a ƙauyuka irin su Dareta da Ƴargalma da Bagega. Can ba batir ba ne sanadi, duwatsun zinariya ne masu haɗe da darma ake niƙawa cikin gidaje, har likitocin ƙungiyar MSF suka gano bakin zaren. Amma guba ɗaya ce, hanya ɗaya ce: an shigo da aikin cikin gida, ƙura ta tashi, yara suka haɗiya.

MASANA'ANTA BA TARE DA SA IDO BA

Wani zai ce, to a gina masana'anta mana, a raba talaka da tukunya. Gaskiya ne, amma ba kowace masana'anta ce ke kawo tsira ba. A 2007 aka buɗe wata ta narka batir a tsakiyar unguwar Owino Uhuru ta birnin Mombasa, a ƙasar Kenya. Hayaƙinta na sauka kan rufin gidaje, ruwan dattinta na bi ta unguwa. Wata ma'aikaciyar wurin mai suna Phyllis Omido ta ga jaririnta ya kwanta ciwo, da aka auna jininsa aka tarar da darma. Ta bar aikin, ta haɗa kan mutanen unguwar, suka yi ta kai kuka har aka rufe masana'antar a 2014. A 2015 aka ba ta lambar yabo ta Goldman, wadda ake ba masu kare muhalli. A 2020 kotu ta yanke cewa a biya mutanen unguwar diyyar shilin na Kenya miliyar 1 da miliyon 300, kuma bayan ɗaukaka ƙara, kotun ƙoli ta ƙasar ta tabbatar da diyyar a watan Disamba na 2024.

Darasin a bayyane yake. Masana'antar da ba ta da matatar hayaƙi, wadda aka dasa cikin jama'a, kuma babu jami'in da ke zuwa awo, babbar tukunya ce kawai. Ɓarnarta ta fi ta mai gatari, domin abin da take narkawa a yini ya fi abin da shi zai narka a shekara.

TULIN DA KE ƘARUWA A DUNIYA

Batir ɓangare ne na wata babbar matsala, wato sharar kayan lantarki: matattun wayoyi, da rediyo, da telbijin, da firigo, da kwamfuta. Rahoton da hukumomin UIT da UNITAR na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da ton miliyon 62 na irin wannan shara, kuma ana sa ran za ta kai ton miliyon 82 a 2030. Abin da aka tabbatar an tattara an sake sarrafa shi bisa ƙa'ida bai wuce kashi 22 cikin 100 da ɗan ɗoriya ba. A nahiyar Afirka bai ma kai kashi 1 ba. Mutumin Turai na zubar da fiye da kilo 17 a shekara, mutumin Afirka kilo 2 da rabi. Ƙarafan da ke cikin sharar ta 2022, irin su jan ƙarfe da zinariya da baƙin ƙarfe, an yi musu kuɗi dalar Amurka miliyar 91.

Wani kashi na wannan shara yana ƙetare teku da sunan kayan gwanjo, masu rai a gauraye da matattu. A filin Agbogbloshie na birnin Akkara, a ƙasar Gana, samari sun shafe shekaru suna ƙona wayoyin lantarki domin su fitar da jan ƙarfe, suna shaƙar baƙin hayaƙi, har hukuma ta rushe wurin a 2021. Rushewar ba ta kashe sana'ar ba, ta warwatsa ta ne zuwa wasu unguwanni.

Ƙasashen Afirka sun daɗe da farga. A 1988 aka gano dubban gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na Najeriya. A 1989 aka ƙulla yarjejeniyar Bal, a ƙasar Suwis, domin sa ido kan safarar shara mai haɗari tsakanin ƙasashe. Da ƙasashen Afirka suka ga ba ta yi tsauri yadda suke so ba, sai suka ƙulla tasu a Bamako a 1991, wadda ta hana shigo da irin wannan shara nahiyar baki ɗaya, ta kuma fara aiki a 1998. Nijar na cikin yarjejeniyoyin biyu. Tun daga 1 ga Janairu na 2025 kuma, wani gyara da aka yi wa yarjejeniyar Bal, bisa shawarar Gana da Suwis, ya wajabta neman yardar ƙasar da za a kai wa kowace irin sharar lantarki kafin a ɗora ta a jirgi. Amma yarjejeniya tana tsare ƙofa ne kawai. Batirin da ya mutu a Madawa ko a Tasawa ba daga teku ya zo a mace ba, a nan ya yi aikinsa, a nan kuma ya kamata a san yadda za a yi da shi.

MAYAR DA ABU INDA YA FITO

Masana na kiran maganin wannan matsala tattalin arziki mai zagayowa. Sunan sabo ne, amma dabarar tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Manomi na ba dabba kara da harawa, ya kwashe taki ya mayar gona. Maƙeri na karɓar tsohuwar hauya ya fitar da lauje. A kasuwar Katako ta Yamai, tsohuwar ganga na zama akwati ko murhu, tsohon sanholo na zama tukunya. Ma'anar ita ce kada abu ya ƙare a juji, ya koma hannun mai ƙira ya sake zama kaya.

Batir na darma ya fi kusan kowane kaya dacewa da wannan tsari. A masana'anta ta ƙwarai, ana niƙa shi cikin rufaffiyar na'ura, gutsattsarin su faɗa cikin ruwa. Roba ta taso sama, a kwashe ta a yi sabon akwati. Darma ta nutse, a kai ta tanderu mai matatar hayaƙi. Asid kuma a kashe kaifinsa, har a sami wani gishiri da ake amfani da shi wajen yin garin sabulu da gilashi. Ma'aikaci na rufe hanci da baki, yana wanka kafin ya tashi, yana barin tufafin aiki a wurin aiki, ana kuma auna jininsa a kai a kai.

A Amurka kusan kashi 99 cikin 100 na irin waɗannan batura na komawa masana'anta. Asirin ba wani abu ba ne illa jingina: a jihohi da yawa, wanda ya zo sayen sabon batir ba tare da tsohon ba, sai ya ajiye wasu kuɗi, ba za a mayar masa ba sai ya kawo tsohon. Dabara ce irin ta kwalbar lemo, wadda kowane mai kanti ya sani. A Afirka ma an fara motsi. Gana ta kafa doka a 2016 wadda ta ɗora haraji kan kayan lantarkin da ake shigowa da su, domin a biya kuɗin tattara su idan sun mutu. Ruwanda ta buɗe masana'antar kwance sharar lantarki a Bugesera a 2017.

Ƴan gwangwan da ƴan jari-bola, masu bi gida-gida da kura ko amalanke, ba abokan gaba ba ne a wannan tsari. Su ne ƙafafunsa, domin babu ma'aikatar da za ta iya shiga lungunan da suke shiga. Abin da ake bukata shi ne a raba aiki biyu: tattarawa nasu ne, fasawa da narkawa kuwa na wurin da aka tanada ne. Hakan ba zai yiwu ba sai idan batir cikakke, da ruwansa a ciki, ya fi fasasshe kuɗi a wurin mai saye. Muddin ana sayen batir a kan nauyin darma kawai, mai tattarawa zai ci gaba da zubar da asid a kwata domin ya rage kaya.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN KOWA

Mai gida da ya ga batirinsa ya mutu, kada ya fasa shi, kada ya zubar da ruwansa. Ya ajiye shi a tsaye, a inuwa, nesa da yara da rijiya da rumbu, har ya mayar wa mai sayarwa. Kada a mai da akwatin batir mazubin ruwa ko na hatsi, ko kwamin shayar da dabbobi. Ƙananan pil na rediyo da tocila kada a jefa su cikin murhu, kada a bar yara su fasa su. Batirin wayar hannu kuwa wani iri ne dabam, na litiyom, wanda kan kama da wuta idan aka huda shi ko ya sha rana, don haka wanda ya kumbura a cire shi a keɓe.

Makanike da mai cajin batir su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kada su ci a wurin aiki, kada su shiga gida da tufafin aiki su ɗauki yaro. Almajiran gareji, waɗanda yawancinsu yara ne, a nisanta su da wannan ɓangare na sana'a.

Ma'aikatan hukuma su ma da nasu rabo. Magajin gari na iya keɓe wurin ajiya mai rufi da daɓen siminti, nesa da gidaje, ya kuma hana narka darma cikin unguwa. Jami'in duwan na iya bambanta kayan gwanjo masu aiki da matattu. Duk mai tsara aikin kafa pano a lakkol ko gidan likita ko rijiyar burtsatse, ya rubuta tun farko cikin yarjejeniyar aikin wanda zai karɓi baturan idan sun mutu, da kuɗin yin hakan. Ma'aikacin lafiya kuma, idan ya ga yara da yawa na unguwa ɗaya suna jijjiga, maganin zazzaɓi bai yi musu kome ba, ya tambayi sana'ar da ake yi a gidajensu. Tambayar nan ita ce aka makara ba a yi ba a Caroy da Zamfara. Malaman yaƙi da jahilci da waɗanda suka sauke karatu a hannunsu, su ne suka fi dacewa su kai wannan bayani dandali da majalisa da taron mata.

Hasken rana arziki ne da ƙasar nan ke da shi fiye da yawancin ƙasashe, kuma ba mai cewa a bar amfani da batir. Abin da ake nema shi ne batir ya fita daga gida yadda ya shigo, a rufe, da ruwansa da darmarsa, ya koma inda za a narka shi ba tare da an cuci kowa ba. Mutanen Caroy sun koyi wannan darasi da rayukan ƴaƴansu 18. Hausawa kuwa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.